Numfashin da Ke Cikin Buhun Wake

Idan kaka ta yi, aka gama roron wake a gonakin Tungan Magajiya da sauran ƙauyukan Rijau a masarautar Kontagora, lissafin manomi bai wuce biyu ba. Ko ya kai kasuwa yanzu da kaya suka yi yawa farashi ya karye, ko ya ajiye sai gaban damina kuɗi ya hau. Abin da ke hana shi ajiyewa wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tun a gona macen take zuba ƙwai, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ƙwayar waken ta shige, ta yi ta ci daga ciki. Cikin mako uku zuwa huɗu ta zama ƙwaro, ta fito ta bar rami zagayayye, ta sake zuba nata ƙwan. Bayan 'yan watanni ka zura hannu cikin buhun, sai ka ji ɗumi, ka fito da yatsunka duk gari.

Ɗumin nan asalinsa ɗaya da ɗumin jikin mutum. Kowane mai rai, daga ƙwaron har manomin da waken kansa, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma kowacce sai ta sami ƙarfi kafin ta yi aiki. Tuwon dawar da aka ci da dare, ciki da hanji ne suke narkar da shi ya koma wani sukari da ake kira gulukos, jini ya kai shi ko'ina. Amma sukarin shi kaɗai ba ya ɗaga fartanya. Sai ƙwayar halitta ta farfasa shi da taimakon iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Abin da ke fitowa shi ne ƙarfi, da ruwa, da iskar kabon da muke fitarwa ta hanci.

Wani Bafaranshe mai suna Antoine Lavoisier ne ya fara auna wannan a shekarun 1780. Shi da abokinsa Laplace sun sa ɓeran Masar a wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar da kuma iskar da ya fitar. Hukuncin da suka yanke shi ne numfashi ƙonewa ce mai tafiya sannu a hankali.

Matakin farko na farfasa sukarin ba ya buƙatar iska. Ana raba sukarin gida biyu, a sami ƙwaya 2 na wani sinadari da ake kira ATP, wanda shi ne ainihin abin da tsoka da ƙwaƙwalwa suke kashewa wajen aiki. A nan yis ɗin da ke kumbura ƙullin fanke yake tsayawa. Sauran aikin, wanda shi ne mai tsoka, yana faruwa a wasu 'yan ɗakuna cikin ƙwayar halittar da ake kira mitokondiriya. A 1937, a birnin Sheffield na Ingila, Hans Krebs ya gano jerin sauye-sauyen da ake bi a tatse ragowar sukarin har ya zama iskar kabon. A 1961 Peter Mitchell ya bayyana yadda ake juya abin da aka tatsa ya zama ATP, kuma an daɗe ana musu da shi kafin a ba shi kyautar Nobel a 1978.

Duk wanda ya san madatsar Kainji zai gane bayanin Mitchell. Ana tara wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji a bayan wani siririn tantani, kamar yadda ake tare ruwan Kwara, sannan a bar su su kwararo ta kafa ɗaya, inda suke juya wani ɗan inji. Injin nan juyawa yake yi da gaske, kuma juyawarsa ce ke ƙera ATP. Ta haka ƙwayar sukari ɗaya take ba da wajen 30 maimakon 2. A ƙarshen layin oksijin ke tsaye, yana karɓar abin da ya rage ya zama ruwa. Idan babu shi layin duka ya cushe ya tsaya. Shi ya sa mutum zai yi kwanaki bai ci ba yana raye, amma minti kaɗan ba iska sai ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

To, mu koma rumbu. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, a kan wannan ilmin aka gina shi. Binciken ya faro ne a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980 tare da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, daga 2007 kuma aka shiga yaɗa shi a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar. Ba a zuba masa ko ɗigon magani. Ana cika shi, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su ne za su shaƙe ɗan oksijin da ya saura da kansu, sai su daina ci, su daina hayayyafa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke mutuwa. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da inda za ta sha ruwa. Yawancin ruwan jikinta daga wancan mataki na ƙarshe yake fitowa, inda oksijin ke komawa ruwa. Larry Murdock da abokan aikinsa, cikinsu har da Ibrahim Baoua na Maraɗi, sun nuna a 2012 cewa idan iska ta yanke ruwan ma yankewa yake yi, sai ƙwaron ya bushe ya mutu.

Ɗaya hanyar kuwa ita ce wadda aka fi sabawa da ita, kuma ita ke tayar mini da hankali. Ƙwayar da ake kira bom, idan ta sha raɓar iska, tana sakin wata iska mai guba da ke shiga mitokondiriya ta dagula aikinta. Mitokondiriyar ƙwaro da ta ɗan Adam kusan iri ɗaya ce, don haka gubar ba ta tambaya ko ta wane ne. Buhun da aka jefa wa bom aka jingine a ɗakin da yara ke kwana hatsari ne babba. Makiyaya ma sun san irin wannan mutuwar: gyauron dawa ɗanye yana ɗauke da sinadarin da ke zama guba a tumbin saniya, ya toshe daidai inda oksijin ke karɓar aiki, dabbar ta faɗi tana haki alhali ga iska ko'ina. Fiya-fiya da wasu ke yayyafa wa wake jijiyoyi take kamawa, kuma saboda ragowarta ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Ina ganin ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Tungan Magajiya da malaman gona sun fi kowa dacewa su kai wannan bayani zauruka, domin manomin da ya san dalili ba zai yi wa buhun riƙon sakainar kashi ba. Zai shanya waken ya bushe ƙayau, tunda ɗanyen wake shi ma numfashi yake yi sosai, ya yi gumi ya kawo hunhuna. Ba zai riƙa kwance bakin buhun yana ɗiban na miya ba, don duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwarin. Zai ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kafin ya sake amfani da ledar baɗi kuma, zai cika ta da iska ya riƙe bakinta ya danna, ya saurara ko akwai inda take tsiyaya.