Neman Zinariyar da ta Ɓace da Injin Jin Ƙarfe

Kusan babu gidan da ba a taɓa yin jimamin ɓacewar zobe ko ɗan kunne ba. Zinariya kuwa a wurin matan ƙasarmu ajiya ce, ita a kan sayar ran da ciwo ya zo ko kuɗin makaranta ya gagara. Sabo da haka na ga ya kamata in ɗan yi mana bayanin wani inji da a ke neman irin waɗannan kaya da shi a cikin ƙasa, da yadda a ke daidaita shi, gama mu da za mu koyar da kimiyya gobe za mu sami darasi mai kyau a cikinsa.

Asalin dabarar daga Michael Faraday ne, wani Baturen Ingila, wanda ya gano a 1831 cewa in ƙarfin maganaɗisu yana sākewa kusa da ƙarfe, sai lantarki ya motsa a cikin ƙarfen. A 1881 Alexander Graham Bell ya ƙera wani inji don ya nemo harsashin da a ka harbi shugaban Amurka, James Garfield, da shi. Bai dace ba, an ce kuwa wayoyin ƙarfe na gadon da mai jinya ya ke kwance a kai suna cikin abin da ya rikitar da injin. A 1941 wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera na neman nakiyar da a ka binne, a ka yi aiki da shi a yaƙin El Alamein a Masar cikin 1942. Bayan yaƙi ne abin ya yaɗu a hannun farar hula.

Ga yadda ya ke aiki. A ƙarshen sandar injin akwai wani abu mai kama da faifai, a cikinsa akwai naɗin waya iri 2. Na fari ya kan tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, yana juyawa sau dubbai a sakan guda. Yawancin injunan nan tsakanin sau 3,000 ne da 30,000. In ƙarfin ya tarar da zobe, sai lantarki kaɗan ya riƙa kewaya zoben, shi kuma ya mayar da nasa ƙarfin sama. Naɗi na biyu shi ne kunnen injin: ya ji amsar, ya mai da ita ƙara. Watau injin bai san zinariya ba, bai san azurfa ba. Iyakar abin da ya sani shi ne ƙarfin amsa da ɗan jinkirin da ta yi kafin ta komo.

Nan ne wahalar zinariya ta ke. Wajen ɗaukar lantarki azurfa ce gaba, sai jan ƙarfe, sa'an nan zinariya, kana alminiyam. Amma ta ado ba tsantsa ba ce, maƙera su kan gauraya ta don ta yi ƙwari. Tsantsa ita ce karat 24. Mai karat 21 kashi 87.5 cikin 100 ne zinariya, mai 18 kashi 75, mai 14 kuwa wajen kashi 58. Gaurayen nan ya kan rage mata ɗaukar lantarki ƙwarai. Shi ya sa ƙaramin zobe ya kan amsa daidai da takardar alminiyam ta cikin kwalin taba, babba kuma ya amsa kamar mabuɗin gwangwanin lemo.

To, bari mu ɗauki abubuwan murɗawa ɗaya ɗaya. Na farko shi ne na daidaita ƙasa, kuma da shi a kan fara. Jar ƙasarmu da marmara cike su ke da baƙin ƙarfe, ƙasar kanta tana amsa wa injin. Nemi wuri mai tsabta inda ba ƙusa ba gwangwani, ka riƙa ɗaga faifan sama wajen santimita 15 kana saukarwa har ya kusa taɓa ƙasa. In ƙara ta sāke sa'ad da ka ke saukarwa, murɗa kaɗan ka sāke gwadawa, har ta zama ɗaya ko an ɗaga ko an sauke. Injunan yanzu da yawa su kan yi wannan da kansu in an danna maɓalli. Duk sa'ad da ka bar rairayi ka shiga jar ƙasa, sai ka sāke daidaitawa.

Na biyu shi ne na ƙarfin ji. Sabon shiga ya kan murɗa shi har ƙarshe, wai don ya ji abin da ke can ƙasa. Wannan garin neman gira ne a rasa ido, gama injin zai dinga surutu a kan kowane tsakuwa, ƙaramar muryar ɗan kunne ta nutse cikin hayaniya. Ƙa'idar ita ce ka yi ta ƙarawa har injin ya soma ɓaɓatu ba dalili, sa'an nan ka rage kaɗan har ya natsu. Kusa da wayar lantarki ta sama ko tiransifoma tilas ka rage fiye da haka, ka kuma nisantar da wayar hannu daga jikin injin.

Na uku shi ne na rairaya, wanda ke sa injin ya yi shiru a kan irin ƙarfen da ba ka so. Injuna da yawa su kan nuna lamba, galibi daga 0 zuwa 99: ƙusa da baƙin ƙarfe a ƙasa, azurfa da jan ƙarfe a sama, zinariya kuwa a warwatse a tsakani tare da tarkacen alminiyam. Mai neman zinariya sai ya hana injin jin baƙin ƙarfe kaɗai, ya bar sauran a buɗe. In ya ce zai rairaye mabuɗan gwangwani don ya huta da tono, to, ya zubar da zoben tare da su. Ba wata dabara a nan sai haƙuri: a tona duk abin da ya yi amsa mai kyau, ko da yawancinsa shara ne.

Akwai kuma abubuwa 2 da su ka ba ni mamaki sa'ad da na gwada da kaina. Zobe rufaffe ya kan amsa da ƙarfi, don lantarki ya sami hanyar kewayawa, amma ɗan kunnen da a ka buɗe bakinsa da ƙyar a ke jinsa. Sarƙa siririya ta fi su duka wuya, ko da ta fi zoben nauyi, gama injin ƙwaya ɗai ɗai ya ke ji, ba sarƙar gaba ɗaya ba. Sau da yawa maƙullin sarƙar ne ya kan tona mata asiri. Irin waɗannan ƙananan kaya, inji mai saurin juyi da ƙaramin faifai ya fi jinsu. A bakin teku kuma ruwan gishiri na ɗaukar lantarki, jiƙaƙƙen rairayi ya kan ruɗe inji na kullum, sai a nemi wanda a ka yi musamman domin wurin.

Wajen shara da faifan, a riƙe shi a kwance dab da ƙasa, kada a ɗaga shi a ƙarshen kowace lilo. A tafi sannu, kowane layi ya hau rabin na bayansa. In an ji ƙara, a shara daga gabas zuwa yamma, a juya a shara daga kudu zuwa arewa. Inda layukan su ka gamu nan abin ya ke. Zobe ba safai a kan ji shi ba in ya wuce zurfin taƙi guda ko fiye kaɗan. Shawarata ga wanda zai kai wannan darasi aji, ya binne ƙusa, da kwabo, da mabuɗin gwangwani, da zoben tagulla a kusurwar gonar makaranta, ya sa yara su saurari muryar kowanne, su rubuta. Gani ya kori ji.

Saura gargaɗi. Kada a tona gonar kowa ba da izninsa ba, kuma a cike kowane rami. A wuraren da a ka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da duk inda a ka taɓa gwabza faɗa, ƙarfen da ke cikin ƙasa yana iya zama harsashi ko bom da bai fashe ba; kada a taɓa, a sanar da hukuma. Kufai da wuraren tarihi kuwa, dokar Nijeriya ta 1979 ta hana a tona su sai da iznin hukumar kula da gidajen tarihi.

Abin da a ka tsinta kuma yana da mai shi, al'adarmu ita ce a yi cigiya. A 1992 wani dattijo a Ingila, Eric Lawes, ya shiga wata gona a ƙauyen Hoxne da injinsa yana neman gudumar da manomin ya yar. Sai ya ci karo da dukiyar da a ka binne tun zamanin Rumawa. Bai kwashe ba, ya dakata ya gaya wa hukuma. Masana su ka zo su ka haƙo tsabar kuɗi 14,865 da cokulan azurfa da kayan ado na zinariya, kowanne a inda mai shi ya aje shi, har a ka iya sanin tarihinsu. A ka ba shi ladan fam miliyan 1.75, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta, tana gidan tarihi na Birtaniya a London.

Inji ya kan nuna inda ƙarfe ya ke, abin da za a yi da shi bayan an tono kuwa ya rage ga mai tonon. In mun koya wa yaranmu yadda a ke murɗa injin, mu haɗa musu da cigiya. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Allah shi ba mai nema sa'a.