Naman Huhu a Jikin Fatar Jariri

Ka san cewa mazaunin huhu cikin ƙirji ne, inda haƙarƙari yake kare shi. Amma akan haifi jariri, ko da yake ba safai ba, da wani ɗan ƙari a fatar wuyansa, ko ƙirjinsa, ko allon kafaɗarsa. Idan likitoci suka bincika, sai su tarar naman huhu ne. To, yaya aka yi ya kai can?

Amsar tana cikin makonnin farko na juna biyu. A wajen mako na 4, tayi bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba. A jikinsa akwai wani siririn bututu wanda daga baya zai zama hanyar abinci. Daga gaban bututun nan wani ɗan toho yake fitowa. Tohon ya rabu biyu, dama da hagu, sa'an nan ya yi ta yin rassa kamar bishiya har ya zama huhu.

Wani lokaci 'yan ƙwayoyin halitta sukan ɓalle daga tohon. Ƙashin tsakiyar ƙirji kuwa daga ɓari biyu yake farawa, su zo su haɗu a tsakiya. Masana suna ganin idan ƙashin ya rufe alhali ƙwayoyin suna waje, shi ke nan sun makale ƙarƙashin fata. Abin mamaki shi ne, ba su mance aikinsu ba: a can ma naman huhu suke ginawa. Sai dai wannan nama ba ya numfashi, domin ba ya haɗe da hanyar iska.

Ka lura, abin da uwa ta ci ko ta gani ba shi ne sanadi ba, kuma ciwon ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. Amma bai kamata a matse ƙarin ko a tsaga shi a gida ba, don zai iya yin jini ko ya ruɓe. Ido kaɗai ba ya iya gane shi, saboda ya yi kama da wasu ƙuraje da dama. A asibiti akan ɗauki hoto a ga zurfinsa, sa'an nan a cire shi ta hanyar tiyata. Tabbaci yana zuwa ne bayan an duba naman da madubin likita, inda ake ganin ƙananan bututun iska, wani lokaci har da guringuntsi.