Ostareliya: Daren da kala ta shiga akwatin talabijin, da abin da tsoffin jadawalai suka adana

Daren Juma'a 28 ga Fabrairun 1975, saura minti uku sha biyun dare ta buga, tashar gwamnatin Ostareliya ABC ta sako wani gajeren wasan barkwanci. Jarumar wasan ita ce Aunty Jack, wata gwaggo mai gashin baki da safar dambe a hannu, wadda ɗan wasa Grahame Bond yake fitowa a matsayinta. A cikin wasan, ita da abokanta suna ta fafutukar hana kala shigo musu ɗaki, kamar masu tare ambaliya, kalar kuwa tana ta malalowa har ta cinye hoton baki ɗaya. Da haka ƙasar ta shiga ranar Asabar 1 ga Maris, ranar da aka tsayar domin fara talabijin mai kala a hukumance.

Mafi yawan waɗanda suka hana idonsu barci a daren ba su ga kalar ba, domin akwatunan da ke gidajensu na fari da baƙi ne. Sun dai san wani abu ya canza. Sun yi fiye da shekara 18 suna kallon duniya cikin launin toka, alhali Amurkawa sun fara ganin kala tun 1954, mutanen Ingila da Jamus ta Yamma da Faransa kuma tun 1967.

Mai son sanin yadda rayuwar waɗannan shekaru ta kasance, ba lalle ya samu fim ɗin ba. Abin da zai samu cikin sauƙi shi ne jadawalin shirye-shirye da jaridu da mujallu suke bugawa: sunan tasha, lokaci, sunan shiri. Wannan ɗan shafin da ake naɗe kaya da shi washegari, yau shi ne shaida.

Farkon al'amari

Talabijin ta fara aiki a Ostareliya ranar Lahadi 16 ga Satumban 1956, a tashar TCN-9 ta birnin Sydney, mallakar attajirin jarida Frank Packer. Bruce Gyngell ne ya bayyana a gaban kyamara ya yi wa jama'a barka da yamma da maraba. A watan Nuwamba tashar HSV-7 ta buɗe a Melbourne, ABC kuma ta buɗe nata tashoshin a biranen biyu. Gaggawar tana da dalili: ranar 22 ga watan ne za a buɗe wasannin Olamfik a Melbourne.

Akwatin talabijin a lokacin ba na kowa ba ne. Kuɗinsa ya kai albashin makonni masu yawa na ma'aikaci, bayan haka kuma sai mai shi ya yanki lasisin kallo na fam biyar a shekara. Saboda haka da yamma mutane kan taru a gaban shagunan sayar da kayan lantarki suna kallo ta gilashi, wasu har da kujerunsu da barguna. Gidan da ya samu akwati a unguwa kuwa ya zama dandalin maƙwabta, abin da duk wanda ya tashi a lokacin da talabijin ɗaya ke ɗaukar nauyin layi guda zai gane.

Sauran ƙasar sai da ta jira. Brisbane da Adelaide da Perth sun samu tashoshinsu a 1959, Hobart a 1960, garuruwan karkara daga ƙarshen 1961, Darwin da ke can arewa kuma sai 1971. Ƙasar faɗi gare ta, tsakanin Sydney da Melbourne kaɗai tafiyar kusan kilomita 900 ce, kuma kafin a shimfiɗa babbar wayar da ta haɗa biranen biyu a farkon shekarun 1960, kowane birni da nasa jadawalin da nasa taurarin. Shirin da aka gani a nan, sai an ɗauki fim ɗinsa a jirgi kafin a gan shi a can.

Abin da jadawalin ke faɗa

In ka buɗe jadawalin ƙarshen shekarun 1950, abu na farko da za ka lura da shi shi ne gajartarsa. Tasha ba ta kwana tana aiki. Da rana sau da yawa hoton gwaji ne kawai a tsaye da kiɗa a bayansa, domin masu gyara su daidaita akwatuna. Da la'asar shirye-shiryen yara, da magariba labarai, sai wasannin kwaikwayo da na kacici-kacici. Kafin dare ya raba a rufe, wasu tashoshin da ɗan gajeren wa'azin limamin coci, sannan taken Sarauniyar Ingila, wanda shi ne taken ƙasar a wancan zamani. Doka ma ta wajabta wa tashoshin ƴan kasuwa su ware lokaci ga shirye-shiryen addini.

Abu na biyu shi ne yawan kayan aro. I Love Lucy, Perry Mason da finafinan kaboyi na Amurka su ne suka cika daren. Sayen shirin da aka riga aka gama a Amurka ya fi shirya sabo arha nesa ba kusa ba, kuma harshe ɗaya ne, ba a buƙatar fassara. Wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Vincent ya ba da rahoto a 1963 cewa kashi 97 cikin ɗari na wasannin kwaikwayon da aka nuna tun 1956 daga waje aka shigo da su. Yaron Sydney ya fi jin muryar ɗan sandan Amurka a kan ta ɗan sandan garinsu.

Abin da ƴan ƙasa suka riƙe shi ne shirin kai tsaye, wanda ba ya cin kuɗi sosai. Graham Kennedy ya fara In Melbourne Tonight a 1957, ya zama sarkin dare da barkwancinsa, har tallar kayan masu ɗaukar nauyin shirin ba ta tsira daga ba'arsa ba. Bob Dyer ya ɗauko gasarsa ta Pick a Box daga rediyo. ABC ta fara shirin binciken ƙwaƙwaf na Four Corners a 1961, wanda har yanzu yana nan. Sai a 1964 kamfanin Crawford ya fito da Homicide, wasan ƴan sandan ciki da aka ɗauka a titunan Melbourne da karin harshen mutanen wurin. Karɓuwar da ya samu ta nuna wa masu tashoshi cewa jama'a na son ganin kansu.

Akwai kuma abin mamaki game da Skippy, wasan nan na yaro da dabbar kangaru, wanda aka fara nunawa a 1968. Da kala aka ɗauke shi tun farko domin kasuwar waje, aka sayar wa ƙasashe da dama. Yaran wasu ƙasashe suna ganin koren dajin Ostareliya, ƴaƴan masu dajin suna ganinsa cikin toka.

Me ya kawo jinkiri

Ba rashin iyawa ba ne. Tun watan Yunin 1967 tashar ATV-0 ta Melbourne ta gwada ɗaukar tseren dawaki na Pakenham da kala. Abin da ya tsaya a gaba shi ne kuɗi da zaɓi. Komawa kala na nufin sababbin kyamarori, sababbin fitilu, sababbin na'urorin naɗa da na watsawa a kowace tasha, a lokacin da wasu yankuna ko fari da baƙin ba su samu ba.

Sannan duniya ta rabu gida uku. Amurka na da tsarin NTSC, wanda kalarsa kan kauce har fuskar mutum ta koma kore-kore sai an murɗa maɓalli. Faransa na da SECAM. Jamus ta Yamma kuma na da PAL, wanda injiniya Walter Bruch ya ƙirƙiro, mai gyara kaucewar kala da kansa ta hanyar juya siginar daga layi zuwa layi. Wannan rabuwa ta iso har yankinmu: Nijar ta bi SECAM irin na Faransa, Nijeriya ta bi PAL, shi ya sa a da akwatin da bai iya tsari biyu ba kan nuna hoton tsallaken iyaka ba kala.

Ostareliya ta zaɓi PAL a 1969. A watan Fabrairun 1972 gwamnatin William McMahon ta sanar da ranar farawa, 1 ga Maris 1975, ta bai wa tashoshi da masana'antu shekara uku su shirya. Kafin ranar ta zo, maƙwabciya New Zealand ta riga ta, a ƙarshen Oktoban 1973. A watan Oktoban 1974 aka ba da izinin gwaji: hoton gwaji mai kala tukuna, sannan wasannin motsa jiki. Wata guda kafin nan gwamnatin Gough Whitlam ta soke lasisin kallo baki ɗaya.

Jinkirin ya zo da ribarsa. Lokacin da ƙasar ta shiga, fasahar ta riga ta nuna, shirye-shiryen da ake saye daga waje ma tuni da kala suke zuwa. Wanda bai da halin sabon akwati kuma bai rasa komai ba, tsohon nasa ya ci gaba da kama hoto. Jama'a suka yi ta saye da sauri irin wanda ba a cika gani ba: zuwa 1978, kusan gida biyu cikin uku a Sydney da Melbourne na da akwati mai kala. Sai dai masana'antun cikin gida ba su daɗe suna cin moriyar ba. An rage harajin shigo da kaya a 1973, akwatunan Japan suka cika shaguna, masu ƙerawa a gida suka yi ta raguwa.

Abin da kala ta canza

Kiɗa ne ya fara cin riba. ABC ta fara shirin waƙoƙin matasa na Countdown a watan Nuwamban 1974, kuma da shi ta ci gaba a daren farko bayan wasan Aunty Jack. Mawaƙa suka gane cewa yanzu tufa da kwalliya na sayar da faifai, ƙungiyoyi irin su Skyhooks suka fito da kaya masu ɗaukar ido. Yawan nuna hoton waƙar Mamma Mia a shirin a 1975 ne ya sa aka fitar da ita ita kaɗai a Ostareliya, ta hau matsayi na ɗaya, abin da ya taimaka wa ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin ta sake samun kasuwa a duniya.

Sai wasanni. Kurket, wasan sanda da ƙwallo da Ingilishi suka bar wa ƙasashen da suka mallaka, an saba yin sa da rana, da fararen kaya da jar ƙwallo. Kerry Packer, ɗan Frank Packer, ya nemi hukumar wasan ta sayar wa tasharsa ta Nine izinin nunawa ita kaɗai, aka hana shi. Sai ya ɗauki manyan ƴan wasa haya a ɓoye, ya kafa gasarsa a 1977. A nan aka ga wasan dare ƙarƙashin fitilu, da farar ƙwallo, daga baya da riguna masu launi. A 1979 hukumar ta sauko suka sasanta. Wasan da aka yi fiye da ƙarni ana yi da farin yadi, ya canza riga saboda mai kallo a gida.

Abin da ya ɓace

Babban abin takaici shi ne yawancin abin da jadawalan suka lissafa babu shi yanzu. Shirin kai tsaye na farkon zamani da an watsa shi ya tafi ke nan. Hatta hoton Bruce Gyngell yana maraba da jama'a, wanda ake nunawa duk lokacin bikin tunawa, maimaici ne da aka ɗauka daga baya. Da kaset ɗin bidiyo ya zo kuma, tsadarsa ta sa tashoshi kan goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. Ta haka aka rasa da yawa daga cikin shirye-shiryen Countdown na shekarun farko, wato ainihin hotunan farkon zamanin kala.

Ba Ostareliya kaɗai ta yi wannan asara ba. BBC ta goge sassa da dama na wasanta Doctor Who, wanda ta sayar wa ƙasashe ciki har da Ostareliya da Nijeriya. A 2013 aka sanar da gano kashi tara da suka ɓace, a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Abin da mai shi ya zubar, wani ya ajiye bai ma sani ba.

A 1984 Ostareliya ta kafa hukuma ta musamman a Canberra domin adana finafinai da sauti, ɗakin karatu na ƙasa kuma ya ɗora tsoffin jaridu masu yawa a intanet ƙarƙashin shirin Trove. Da waɗannan shafuka ne masu bincike ke gane shirin da aka nuna, da ranarsa, da abin da ya kamata a nema a ɗakunan ajiya da hannun tsoffin ma'aikata. A watan Disamban 2013 aka kashe tsohon tsarin watsawa gaba ɗaya aka koma na dijital, akwatunan 1975 suka yi shiru.

Ƙasa mai arziki irin wannan ta rasa wani yanki na tarihinta saboda tsimin kaset. A nan Sahel, inda zafi da ƙura ke cin kaset ba sai an goge shi ba, akwai wasannin kwaikwayo na Hausa, da kokawar gargajiya, da hirarrakin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, a ajiye a kan kantoci. Matakin farko na ceto su ba ya buƙatar na'ura mai tsada: a zauna a rubuta abin da aka nuna, da ranar da aka nuna shi, da inda kaset ɗin yake, tun waɗanda suka naɗa suna raye.