Amfani da "By Means Of" da Takwarorinsa a Hausa

Wannan darasi na ɗaliban fassara ne, musamman waɗanda suka taso a Bantama da sauran unguwannin Kumasi, inda yaron zango kan tashi da Hausa da Tuwi a baki, sannan ya tarar da Ingilishi a makaranta.

"By means of" yana nuna hanya ko dabarar da aka bi aka cim ma wani abu. Harshen takarda ne, wato na rahoto da wasiƙar ofis da kotu. Ba a cire masa "s" ɗin "means", kuma "of" ke rufe shi, ba "to" ba. Abin da ke biye da shi suna ne, ko sunan aiki. Alal misali:

(1) Malaria is detected by means of a blood test.
Ana gano zazzaɓin cizon sauro ta hanyar gwajin jini.

Irin wannan jimla ita ce za a tarar a takardun asibiti, kamar na Komfo Anokye. To amma ba kowane "da" na Hausa ne ke komawa "by means of" ba. Bahaushe kan ce "ya yanka naman da wuƙa". Mai Tuwi kuwa aikatau biyu yake jerawa: "Ɔde sekan twaa nam no", kusan kamar a ce ya ɗauki wuƙa ya yanka naman. Ɗalibin da ke son rubutunsa ya yi nauyi sai ya rubuta:

(2) He cut the meat by means of a knife.

Nahawu bai karye ba, amma babu Baturen da zai faɗi haka game da mahauci. Abin da hannu ke riƙewa "with" yake so. Abin hawa kuma "by" kaɗai ya ishe shi: wanda ya shiga mota daga Kejetia zuwa Bantama ya zo "by bus" ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren da ke dawowa cikin Hausa. Mai fassara ya ga "by means of", sai ya liƙa "ta hanyar" ga kowane irin suna, har a ji "ta hanyar wuƙa" ko "ta hanyar famfo". "Ta hanyar" ya fi zama daidai idan aiki ne ke biye, kamar gwaji ko zaɓe ko rubutu. Idan kayan aiki ne, a koma ga "da", ko kuma a ce "ta hanyar amfani da".

Aiki: a fassara "The water is raised by means of a pump" iri biyu, a kuma faɗi wadda ta fi dacewa da rahoto.