Aiki a Sabon Kamfanin Wallafa da Matsalar Raina Aikin Edita

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin matasan da suke shiga ƙananan kamfanonin wallafa littattafai a Kano da Kaduna da Abuja, wato cewa tace rubutu aiki ne na cike gurbi wanda duk wanda aka haifa cikin Hausa zai iya yi a dare ɗaya, kuma idan ayyuka suka yi wa kamfani yawa, shi ne abu na farko da ya kamata a tsallake. Kamfanin wallafa shi ne wanda yake zaɓar rubutu, ya gyara shi, ya biya kuɗin bugawa, sannan ya kai shi kasuwa, kuma a sabon kamfani mai saurin bunƙasa sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da rabin waɗannan ayyuka.

Wannan magana ta raina aikin edita kuskure ce, kuma tarihin wallafa a ƙasar Hausa ya isa hujja. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun bi ta hannun Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East kafin su isa makarantu, kuma irin wannan kulawa ce Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, da kamfanin wallafa na NNPC na 1966 suka gada. Ƙa'idojin rubutun kansu sai da masana suka zauna a kansu a Bamako a 1966, sannan a Yamai a 1980, domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Abin da ya ɗauki masana shekaru ba zai zama abin da ake tsotsa a nono ba. Mai jin Hausa zalla yana iya karanta shafi guda bai lura an bar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba, ko an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, alhali bambancin "ya ba ta" da "ya ɓata" ya isa ya juya ma'anar labari gaba ɗaya. Wannan ma ƙaramin ɓangare ne, domin edita shi ne yake gano cewa jarumar da aka aurar a babi na 4 ta koma budurwa a babi na 9, ko an jingina wa wani malami maganar da bai faɗa ba, abin da yake iya jawo shari'a. Abin takaici shi ne a ga kamfani ya kashe kuɗi a kan bango mai ƙyalli da bikin ƙaddamarwa, amma ya miƙa shafi 300 ga ɗalibi mai hutun makaranta ya duba kafin wayewar gari.

Gaskiya ne tsadar takarda, wadda yawancinta daga waje ake shigo da ita, da satar fasaha suna matsa wa kamfanoni lamba, sai dai ba su ne suke saka kuskure a shafi ba.

Wanda ya sami aiki a irin wannan kamfani ya kamata ya nemi a rubuta masa iyakar aikinsa da albashinsa tun ranar farko, domin inda ma'aikata ba su da yawa kunya takan sa mutum ya karɓi aikin mutum uku da ladan mutum ɗaya. Ya dage a ware matakai: gyaran tsarin littafi daban, gyaran harshe daban, duba shafukan ƙarshe daban, kuma kada wanda ya yi gyaran harshe ya zama shi ne mai duban ƙarshe, saboda ido yakan saba da kuskuren da ya daɗe yana gani. Ya tanadi takarda guda ta ƙa'idojin gida wadda kowa zai bi wajen rubuta sunaye da kalmomin aro, ya nemi samfurin bugu daga maɗaba'a kafin a saki na'ura, ya tabbatar an karɓi lambar littafi ta ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma marubuci ya sa hannu a yarjejeniyar da ta fayyace kasonsa bisa dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Idan shugaba ya yi alkawarin littafi 20 a shekarar da ma'aikata ba za su iya tace fiye da rabinsu ba, wajibi ne a gaya masa cikin ladabi tun kafin a karɓi kuɗin marubuta. Bunƙasa tana son haƙuri: ko kamfanin Cassava Republic, wanda aka kafa a Abuja a 2006, sai da ya shekara 10 kafin ya buɗe ofishi a Landan a 2016.

Masu ƙananan kamfanonin wallafa su ɗauki ƙwararrun editoci su biya su haƙƙinsu, ko kuwa su rage yawan littattafan da suke fitarwa.