Koyar da Yara Lissafin Yiwuwa ta Hanyar Wasa

Gabatarwa

Lissafin yiwuwa reshe ne na ilimin lissafi wanda yake auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi faruwa. Masana sukan danganta kafuwarsa da wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a shekarar 1654. Da yawa daga cikinmu sai a sakandare muka haɗu da shi, a matsayin lambobi a kan allo. Wannan maƙala za ta nuna cewa yaron firamare zai iya fara koyonsa da hannunsa da kuma kalmomin harshen da yake ji, tun kafin a kai ga lambobi. Batun ya shafe mu ɗaliban harshe, domin wasunmu aji za su shiga bayan kammala karatu.

Shin yaro zai gane?

A shekarar 1951, Jean Piaget da Bärbel Inhelder sun fitar da littafi a kan yadda tunanin dace yake ginuwa a zuciyar yaro. A ganinsu, cikakkiyar fahimta ba ta zuwa sai wajen shekara 11 ko 12. Amma a 1975 Efraim Fischbein ya nuna cewa ƙananan yara ma suna da hasashe game da abin da ya fi yiwuwa, kuma koyarwa tana ƙarfafa shi. Aikin malami ke nan ya gina a kan wannan hasashe. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na farko: igiyar kalmomi

Hausa tana da kalmomi a jere daga rashin yiwuwa zuwa tabbaci: ba zai yiwu ba, da wuya, wataƙila, da alama, tabbas. Har a nahawu akwai wannan bambanci, domin "zai zo" ya fi "yâ zo" ƙarfin tabbaci. Yaro yana jin waɗannan a gida kullum.

Malami ya ɗaura igiya a gaban aji, ya rataya waɗannan kalmomi biyar a kan 'yan takardu, "ba zai yiwu ba" a wannan ƙarshe, "tabbas" a wancan. Sai ya faɗi jimla, yaro ya je ya tsaya a inda ta dace. Alal misali: "Gobe rana za ta fito daga yamma." "Za a yi ruwan sama a Kano a watan Janairu." "Za a yi ruwan sama a Fatakwal a watan Yuli." Idan yara biyu suka tsaya a wurare daban, kowa ya kawo dalilinsa. Wannan gardama ita ce darasin. Daga baya, a manyan azuzuwa, wannan igiya ce za ta zama layin da ya tashi daga 0 zuwa 1.

Mataki na biyu: jakar wake

A zuba ƙwayar wake 10 masu girma ɗaya a jakar da ba a ganin cikinta, fari 8, ja 2. Kafin a fara, a tambayi yara launin da zai fi fitowa. Sannan kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, a ja layi a allo a ƙarƙashin launin, a mayar da ƙwayar, a girgiza. Mayarwar tana da muhimmanci, domin in ba a mayar ba, abin da ke cikin jakar ya canja. Bayan ɗauka 20 ko 30, yara za su ga fari ya yi rinjaye, amma ja ma yakan leƙo. A nan ne za su bambance "da wuya" da "ba zai yiwu ba". Sai malami ya tambaya: "Baƙin wake fa?" Tunda babu shi a jakar, wurinsa ƙarshen igiya ne.

Mataki na uku: kwabo da murfin kwalba

Kwabo yana da fuska biyu, kuma damarsu kusan ɗaya ce. Idan yaro ya jefa sau 10, yana iya samun 7 da 3, ya ce kwabon ya yi son kai. Sai a haɗa sakamakon dukan 'yan aji, a ga yadda yake matsowa kusa da rabi da rabi. John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu, ya jefa kwabo sau 10,000 lokacin da aka tsare shi a Denmak a Yaƙin Duniya na Biyu, fuskar kai ta fito sau 5,067. Wannan ƙa'ida ta yawan gwaji, Jacob Bernoulli ne ya tabbatar da ita a littafinsa da aka buga a 1713.

Bayan haka a kawo murfin kwalbar lemo. Shi ma yana faɗuwa ta hanya biyu, a kife ko a buɗe, amma ɓangarorinsa ba iri ɗaya ba ne. Yara su jefa, su ƙirga, su gano da kansu cewa kasancewar hanyoyi biyu ba ya nufin damarsu daidai take. Gani ya kori ji.

Mataki na huɗu: tseren dawaki

Wannan na 'yan aji huɗu zuwa shida ne. A zana layuka a ƙasa, a sa musu lamba 2 zuwa 12, kowane yaro ya zaɓi dokinsa. A jefa 'ya'yan ludo biyu, a haɗa lambobin, dokin da lambarsa ta fito ya matsa taki ɗaya. Galibi dawakin tsakiya ne za su yi gaba. Dalili kuwa shi ne, hanyoyin faɗuwa 36 ne. 6 daga ciki suna ba da 7, amma 2 da 12 hanya ɗaya tak kowannensu yake da ita.

Shin wannan ba caca ba ce?

Wasu iyaye za su iya ɗaga gira idan suka ji ana jefa kwabo a aji. Ya kamata malami ya bayyana musu cewa babu kuɗi, babu cin wani. Hasali ma wannan darasi rigakafi ne. Shagunan cacar ƙwallo sun cika garuruwanmu, kuma abin da ke jawo matasa shi ne tunanin cewa wanda ya faɗi sau biyar, tilas ya ci a na shida. Yaron da ya jefa kwabo da hannunsa ya san kwabo ba ya tuna jifan baya.

Kammalawa

Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gudanar da shiri a Ile-Ife, inda aka koyar da yara darussan firamare, har da lissafi, da harshen Yarabanci tsawon shekara shida. Wannan ya nuna cewa harsunanmu za su iya ɗaukar lissafi. Kayan aikin da aka ambata a nan, igiya da wake da murfin kwalba, ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Abin da ya rage mana ɗaliban Hausa shi ne mu tattara kalmomin yiwuwa, mu jera su, mu gwada su a aji lokacin koyon aikin koyarwa.