Wai Maganin Yana Ci Kuwa? Abin da Hoton MRI Ke Gani a Sankarar Mama

Ka ɗauka 'yar'uwarka ce aka gano tana da sankarar mama, kuma ƙarin ya riga ya girma. Sau da yawa ba da tiyata ake farawa ba. Sai an ɗauki watanni ana yi mata ƙarin ruwan maganin kemo don ƙarin ya ƙanƙance. Gashi ya zube, ga amai, ga kasala, ga kuɗin da ake kashewa. Kowa a gidan tambayarsa ɗaya: wai maganin nan yana ci kuwa?

Likita kan laluba da hannu ya kimanta girman ƙarin, amma hannu na iya ruɗuwa. Ƙwayoyin sankara kan mutu su bar tabo mai tauri, sai a ji kamar ba abin da ya canza.

Na'urar MRI ba girma kaɗai take dubawa ba. Sankara tana ƙirƙirar wa kanta sabbin hanyoyin jini masu yoyo don ta ci ta ƙoshi. Idan aka yi wa mace allurar sinadarin gadoliniyam, nan da nan yake taruwa a wurin, sai ya yi haske a hoto. Da magani ya fara ci, ɓangaren mai hasken sai ya ragu, wani lokaci tun kafin hannu ya ji bambanci. Akwai ma salon hoton da ke auna yadda ruwa ke motsi tsakanin ƙwayoyin. A cunkushe suke kamar kasuwa ranar cinta. Idan suka fara mutuwa, ruwa ya samu hanya.

A 2012 Nola Hylton ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinta suka wallafa binciken mata 216 a Amurka. Sun gano cewa raguwar ƙarin a MRI bayan zagayen farko na magani ta fi lalubawar hannu hasashen wadda sankararta za ta ɓace gaba ɗaya. Amfanin a nan yake: idan magani bai karɓi mace ba, ana iya tunanin sauya shi da wuri, ba sai ta sha wahalar wata da watanni a banza ba.

Sai dai kada ka ɗauka hoto ya yi fes shi ke nan an gama. MRI kan kasa ganin 'yan burbushin sankara, musamman nau'in da sinadarin estirojin ke ciyarwa. Shi ya sa har yanzu ake yin tiyatar, a ciro naman a duba shi da madubin likita.